Kama da wane ba ta wane: amsoshi kan wutar daji da wutar ɗakin gwaji

Tambaya, daga wani ɗalibin fannin gandun daji a Zariya: Allah gafarta Malam, ina fassara darasi kan ƙaramar wutar da ake kunnawa a ɗakin gwaji don a gane gudun wutar daji. Na rubuta "matsalar sikeli". Ya yi?

Amsa: Bai yi ba, ɗana. Sikeli a bakin Bahaushe na mahauci ne da mai awon auduga, nauyi yake aunawa. Masu ɗauko kalma su dasa ta inda ba gurbinta sun yi yawa. Rubuta "matsalar rage girma", ka kafa ta da karin maganar da ta riga darasin naka zuwa duniya: kama da wane ba ta wane.

Ga dalili. A ɗakin binciken wuta na Misula, jihar Montana ta Amurka, inda Richard Rothermel ya fitar da lissafinsa na gudun wuta a 1972, busasshen ganyen fain da siraran feraye na katako ake shimfiɗawa a cikin bututun iska a cinna musu wuta. Don ƙaramar wutar ta yi halin babbar, ana bin ƙa'idar Froude, injiniyan jiragen ruwa na Ingila: in an rage tsawo sau 100, gudun iska sau 10 kawai za a rage. Harshen wuta mai mita 10 ya koma santimita 10, iska mai mita 10 a daƙiƙa ta koma mita 1, zafin da wutar ke fitarwa kuma ya ragu sau 100,000. Lissafi ya tafi daidai, sai a zo kan ciyawa. Tsinke mai kaurin milimita 2 sai ya koma 0.02, bai kai silin gashi ba. Wa zai shimfiɗa wannan? Dole a bar makamashin da kaurinsa, ka ga kwatanci ya karye ke nan. Hargitsin iska ma haka: adadin Reynolds da ake auna shi da shi yana faɗuwa sau 1,000, iskar bututu ta zama mai ladabi, ba irin hunturun da ke zuwa da fizga ba. Ƙaramin harshe kuma ba shi da kauri, bai cika toya abin da ke gabansa daga nesa ba kamar katangar wuta.

Sai faɗi. Shimfiɗar ɗaki mita ɗaya ce ko biyu, iska mai sanyi tana kutsowa ta gefe tana danne wutar, har akan kafa mata shinge a gefen. Gwaje-gwajen fili da aka yi a arewacin Ostareliya a 1986 sun nuna cewa wutar ciyawa tana ƙara gudu in goshinta ya ƙara faɗi.

Tambaya: Gobara da wutar daji ɗaya ne?

Amsa: A'a. Gobara sai ta ci dukiya ko rai. Wadda aka cinna wa daji da gangan toyi ne. Ta ɗakin gwaji kuwa wuta ce kawai, kada a ɗora mata suna.

Tambaya, daga wata malamar makaranta a Maraɗi: Malam, me ya sa ake kiran zafin nama marar ɗorewa "wutar kara"?

Amsa: Malama, kara marar nauyi ne, wuta ta lashe shi da balbali, kafin ki juya ya zama toka, ba garwashi. Masana wuta sun ware makamashin da bai kai kaurin milimita 6 ba, domin shi ke jan goshin wuta, kuma cikin kamar awa ɗaya yake shan laimar iska ko ya sake ta. Shi ya sa mai gwaji yake auna nauyin samfurinsa, ya gasa shi a tanda a zafin digiri 105 na kwana guda, ya sake aunawa, ya san ruwan da ke ciki. Wanda ya tsallake wannan, gwajinsa na safe da na azahar ba za su yi daidai ba, ya yi ta zargin na'ura.

Tambaya: Tartsatsi, garwashi, rushi?

Amsa: Tartsatsi yana tashi ya mutu nan take, garwashi yana riƙe wuta, rushi kuwa shi ne mai zafin nan da ke kwance cikin toka. Abin da ke tsallaka hanya ya kunna sabuwar wuta garwashi ne da iska ta ɗauka, ko da masu labarai suna cewa tartsatsi. A gobarar 7 ga Fabrairu 2009 a jihar Biktoriya ta Ostareliya, ɓawon bishiyar turare mai ci ya kunna wuta a nisan da ya wuce kilomita 30. Bututun gwaji na Kanbera, babban birnin ƙasar, tsawonsa duka bai kai mita 30 ba. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Tambaya: Na ga "gamba" a rubutun masana wuta na Ostareliya. Tamu ce?

Amsa: Tamu ce, ta zana da jinka. Daga Afirka aka kai ta can a shekarun 1930 don kiwon shanu, ta tafi da sunanta. Yanzu ta addabe su: tana kaiwa mita 4, wutarta kuma takan ninka ta ciyawar ƙasar har sau takwas a ƙarfi, ta kashe bishiyoyi. Mai gwaji sai ya datse ta kafin ta shiga bututu, kuma gambar da aka kwantar ba ta ci kamar wadda ke tsaye, don iska ba ta ratsa ta haka.