Wane dutse zan hau a Morishus idan kwana biyu kawai gare ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je taro a tsibirin Morishus a watan Yuli, kuma kwana biyu za su rage mini bayan an tashi. Ina son in taka da ƙafa in ga ƙasar daga sama, in dawo masauki a ranar. Shekaruna 46, kuma ban taɓa hawan abin da ya wuce Dala ba. Ina zan nufa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dace da lokaci. Daga Mayu zuwa Oktoba ne sanyin tsibirin, ruwa yana raguwa, guguwar teku kuwa tsakanin Nuwamba da Afrilu take zuwa.

Rana ta farko ka ba wa dutsen Le Pouce. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa babban yatsa, kuma da ka hango ƙololuwarsa za ka gane dalili. Tsayinsa mita 812 ne, amma kada adadin ya firgita ka: idan ka faro daga ɓangaren garin Moka, mota ta riga ta ɗauke maka wani kaso na hawan. Awa uku sun isa zuwa da dawowa ga mai tafiya a hankali. Ƙarshen ne kawai ke da tsauri, inda za ka dafa da hannu. Daga can za ka ga Port Louis, babban birnin ƙasar, da tashar jiragen ruwanta a ƙasanka, gonakin rake shimfiɗe, da ƙananan tsibiran arewa. Masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin ya hau shi a 1836.

Rana ta biyu ita ce na fi so in ja hankalinka a kai. Le Morne Brabant yana kudu maso yammacin tsibirin, teku ta kusa kewaye shi, tsayinsa mita 556. Mutane da yawa suna ganin ya fi Le Pouce gajarta sai su raina shi, alhali ya fi shi wuya nesa ba kusa ba, domin daga bakin teku ake farawa. Rabin farko hanya ce mai faɗi da ko yaro zai bi. Rabi na biyu hawa ne da hannu da ƙafa a kan baƙin dutse, ba inuwa, kuma saukowa ta fi hawa tsinka zuciya. Hanyar tana ƙarewa ne a wani tudu da aka kafa gicciyen ƙarfe, ba a kan ainihin ƙololuwar ba. Ka ware awa huɗu, ka ɗauki ɗan jagora daga mutanen yankin, ka kuma fara da sanyin safiya. Idan an yi ruwa da dare, ko ka ji ƙafarka na rawa, ka tsaya a ƙarshen rabin farko. Daga nan ma kana ganin ruwan gaɓa shuɗi da kore, da farin kumfa inda igiyar ruwa ke karyewa a kan murjani.

Wannan dutse mafakar bayi ce. A ƙarni na 18 da farkon na 19, waɗanda suka tsere daga gonakin rake, da yawansu an kawo su daga Madagaska da Mozambik, a kogunansa da samansa suka ɓuya. An soke bauta a tsibirin ranar 1 ga Fabrairun 1835. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne, da aka tura jami'ai su sanar da su an 'yanta su, sai suka zaci kamu aka zo, wasu suka faɗa daga saman dutsen. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Ni dai ina roƙon duk wanda na tura can ya rage hayaniya, ya hau da natsuwar mai ziyarar maƙabarta.

Idan gwiwa na damunka, ka musanya Le Morne da gandun dajin Black River Gorges, wanda aka kafa a 1994. Hanyar dajin Macchabée da ke farawa daga mashigar gandun ta Pétrin tana bi ta cikin daji mai inuwa, ba hawa mai tsanani, kuma mai sa'a yakan ga tantabarar nan mai ruwan hoda da babu irinta a ko'ina sai Morishus. Akwai birai, kada ka ba su abinci.

Takalmi mai riƙe ƙasa wajibi ne, silifa ba ta hawan dutsen nan. Ka riƙe ruwa lita biyu, hula, da 'yar rigar ruwa, domin gajimare kan rufe tsaunukan tsakiyar tsibirin ba zato. A Yuli rana tana faɗuwa kafin ƙarfe shida, don haka ka tsara yadda la'asar za ta same ka a ƙasa.