Wane ne Ɗan Hausa Mai Gida a Nasarawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin kai ɗalibaina Kano ziyarar wuraren tarihi, mun sa Gidan Makama da Dutsen Dala a tsari, sai wani abokin aiki ya ce kada mu tsallake Gidan Ɗan Hausa. Wane ne wannan Ɗan Hausa, kuma me za mu gani a can?
Daga wata malamar makaranta a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abokin aikinki ya yi gaskiya. Ɗan Hausa dai Bature ne mai suna Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekarar 1876. Aikin mishan ne ya fara kawo shi ƙasar nan, daga baya ya zama ɗan ƙasar Ingila ya shiga aikin mulkin mallaka, kuma a 1906 ya biyo ayari ya ratsa Sahara tun daga Tarabulus har Barno. Yadda Hausa ta zauna a bakinsa ne ya sa aka laƙaba masa wannan suna.

A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar birni, wadda ake ɗauka ita ce makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa. An koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna, an kuma koyar da sana'o'in hannu, kuma da Hausa ake koyarwar. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko, saboda haka rubutun da ɗalibanki suke yi a aji yana da alaƙa da mai wannan gida.

Abin da na fi so ki nuna musu, ko kafin kayan tarihin da aka jera a ciki, shi ne ginin kansa. Duk da cewa jami'in Turawa ne ya zauna a ciki, gidan ginin ƙasa ne na maginan Kano, mai kaurin bango da zankwaye a kan soro. Ki sa su ɗaga kai su dubi ɗaurin guga, wato salon rufin ɗaki mai lanƙwasa, da yadda aka jera azara, su kuma lura da sanyin ɗakunan ko da tsakar rana, abin da gidajenmu na bulo da kwano suka rasa.

Gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Tunda da ɗalibai za ki je, ki aika musu da takarda tun da wuri domin a tanadar muku wanda zai zagaya da ku.