Ajiye sukurdireban nan tukuna

Ka tambaye ni me ke sa tsohuwar mota mai kafireta ta ƙi tashi sai an yi ta murza maɓalli, wai ko ka kwance kafiretar ka wanke. Ku yaran yanzu ke nan. Mota na yin tari sai hannu ya kai kan sukuru, ku ɓata saitin da ba ku iya mayarwa ba.

Batir da wutar fulogi ba zan ɓata bakina a kansu ba. Ɗaga murfin iyakilina, wato matatar iska, injin a kashe, ka leƙa maƙogwaron kafireta wani ya taka totur. In fetur ya tsarto, akwai mai a kwanonta. In babu, ko kwanon ya bushe, ko ɗan famfon totur ya mutu. Sannan ka tambayi mai motar: da sanyi take gardama ko da zafi? Ta sanyi, duba ko cok, wato ɗan murfin da ke rage iska a bakin kafireta, na rufewa. Ta zafi, galibi fetur ne ya tafasa a kwano bayan an kashe injin, ya malala ciki ya jiƙa fulogi. A nan ba a famfa totur. Danne shi ƙasa ka riƙe, ka murza, iska ta share man. In tana yawan yin haka, duba tsayin fulot (abin da ke yawo a kan fetur a kwano, ya tsayar da mai in ya cika) da allurarsa, don datti kaɗan na hana allurar rufewa.

Kwano a bushe kuwa, koma baya. Cire wayar kwayil, zare tiyon da ke shiga kafireta ka sa a kwalba, a murza. Famfon fetur mai lafiya zai ba ka kusan rabin lita a daƙiƙa 30. Yawancin kafiretoci na son ƙarfin mai psi 4 zuwa 6, amma kafireta ƙirar Weber kusan 3 ya ishe ta, in ya wuce sai ta yi ambaliya. In man na zuwa kaɗan, filta ce, ko tsatsar tanki, ko tiyo ya tsage yana jan iska, ko hujin murfin tanki ya toshe.

Kuma ka zaro sandar awon baƙin mai ka sansana. Tambayarka ma abin da ta tuna min ke nan. Wani ya kawo mota da irin wannan cuta, na ga baƙin mai ya haura alama, ya tsinke, yana warin fetur. Robar cikin famfo ce ta yage, fetur na sauka cikin injin. Na ce a canza famfo, a juye baƙin man, a sa sabuwar filtarsa. Ya ce so nake in ci kuɗinsa, in hura masa jet kawai, wato ɗan hujin da fetur ke bi a kafireta. Na hura, na gargaɗe shi, ya ja mota bai biya ba, wai zai dawo. Ba a jima ba metal, wato boris ɗin cikin injin, ya narke, injin ya buga. Maimakon ya ji kunya, sai ya bi masu kawo min aiki yana cewa ni na kashe masa injin. Kuɗin aikina bai fito ba har yau, wasu kwastomomin ma ba su sake leƙo ni ba.

In duk waɗannan sun fita lafiya, to kwance kafiretar. Sukurun iska da mai ka ɗaure shi a hankali har ya zauna, ka dawo da shi juyi ɗaya da rabi, sauran saitin sai injin ya ɗumama. Jet kuma da iska ake hura shi, kada in ga waya a hannunka.