Filin Tambaya da Amsa: In Haɗa Abincin Kaji da Kaina, ko In Ci Gaba da Saye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kajin ƙwai guda 600 a bayan garin Zariya, kuma kuɗin abinci ne ke cinye mafi yawan ribar da nake samu. Ƙanina ya ba ni shawarar in sayi injin niƙa da na haɗawa, in riƙa yin abincin da kaina in daina sayen na kamfani. Shin wannan shawara za ta fisshe ni? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Damuwarki tana bisa hanya, domin a kiwon kaji abinci ne ke ɗaukar kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa. Sai dai shawarata ita ce kada ki sayi injin a yanzu, kuma ga dalilaina.

Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a yini, wato kajinki suna cin kusan kilo 70, buhu uku ke nan na kilo 25, wanda a wata ya kai tan biyu. Injin da za ki saya zai iya gama wannan aiki cikin 'yan sa'o'i, sannan ya zauna sauran kwanakin wata yana tsatsa, alhali kuɗin da kika zuba a cikinsa, da albashin mai kula da shi, da kuɗin gyara, duk a kan tan biyun nan za su hau. Ga kuma batun wuta da mai, wanda ya ƙara tsananta tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, sauƙin da mai haɗa abinci yake samu daga masara yake fitowa, ba daga inji ba. Kusan rabin abincin kajin ƙwai masara ce, don haka ke kina buƙatar buhu goma na kilo 100 a kowane wata. Wanda ya je kasuwar Giwa ko ta Saminaka da kaka, tsakanin Oktoba da Disamba, ya sayi buhu sittin ya adana, yawanci shi ne ke cin riba idan farashi ya tashi da damina. Wanda kuwa zai riƙa sayen buhu biyu ko uku a kowane mako, yana gogayya ne da manyan kamfanoni irin masana'antar abincin kaji ta Olam da aka buɗe a Chikun ta jihar Kaduna a 2017, waɗanda ke saye da tireloli, kuma ba zai taɓa samun farashinsu ba. Saboda haka ki fara tambayar kanki ko kina da jarin da za ki ɗaure na wata shida, da kuma sito busasshe wanda ɓeraye da ƙwari ba sa shiga.

Sai kuma batun inganci, wanda ya fi damuna. Kaza mai ƙwai tana buƙatar furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, da kalsiyam kusan kashi 4, kuma sinadaran bitamin da ake zubawa ba su wuce kilo biyu da rabi a cikin tan guda ba. Da wuya yaro da shebur a kan siminti ya iya raba wannan ɗan kaɗan daidai a cikin kilo dubu. Idan haɗin ya ɓaci, za ki ga ɓawon ƙwai ya yi laushi yana fashewa a cikin kiret tun kafin dila ya ɗauka, kaji suna tsattsagar juna, ƙwai yana raguwa, kuma sai an yi makonni kafin su farfaɗo. Masara ko ƙuliƙulin da ya yi funfuna yana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, waken suya kuma idan ba a gasa shi ba yana hana narkewar abinci. Araha dai ba ta ado.

Akwai hanya ta tsakiya da nake ganin ta fi dacewa da ke. Ki sayi masararki da kaka, ki sayi haɗaɗɗen sinadarin kamfani da ake kira kwansantiret, wanda aka riga aka zuba masa furotin da bitamin, sannan ki kai wa masu injin haya su niƙa su haɗa a gaban idonki, da sikeli, bisa ma'aunin da ke jikin buhun. Tunda a Zariya kike, ki nemi shawarar masana a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ta Jami'ar Ahmadu Bello, su duba miki lissafin haɗin.

Kada kuma ki sauya wa dukan kajin abinci lokaci guda. Ki ware guda 100, ki gauraya musu sabon da tsohon a hankali cikin mako ɗaya, sannan ki yi wata biyu kina rubuta kuɗin abincin da aka kashe a kan kowane kiret a ɓangarorin biyu. Idan sabon haɗin ya yi rinjaye, kuma kajinki suka kai dubbai, a lokacin ne za ki zauna da ƙanin naki ku sake duba maganar inji.