An ce a yi wa ɗana sikanin ɗin saifa

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara uku yana da ciwon sikila. Da aka taɓa cikinsa a asibiti, sai aka ce saifarsa ta kumbura, a je a yi masa sikanin. Shin hoton ba zai cutar da shi ba? Kakarsa kuma ta ce a kira wanzami ya yi masa tsaga.
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, domin sikanin da amon sauti yake aiki, babu hasken eksire a cikinsa, kuma babu allura. Za a kwantar da yaron, a shafa masa wani mai mai yauƙi a gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari inda saifa take, a riƙa zagayawa da kan na'urar har hoton ya fito. Abin da zai ji bai wuce sanyin man ba.

Babban abin da ake aunawa shi ne tsawon saifar, a kwatanta da shekarun yaro: ta jariri ɗan wata uku ba ta cika wuce santimita 6 ba, ta ɗan shekara huɗu kuwa takan tsaya a santimita 9. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro ma yana kumbura ta, shi ya sa likita zai haɗa da gwajin jini. Sai dai hoton girma yake nunawa, ba aiki ba. Saifar mai sikila takan daina tace ƙwayoyin cuta tun yana ƙarami, don haka kada ki bar rigakafi da maganin da aka ɗora shi a kai, ko da an ce hoton ya yi kyau.

Abin da ya fi damuna shi ne, a ƙananan yara masu sikila, musamman kafin shekara biyar, jini kan taru a saifa farat ɗaya. Ki roƙi likita ya koya miki yadda za ki riƙa taɓa ta da yatsunki. Idan kika ga cikin ya ƙara kumbura, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, jikinsa ya saki, to ko tsakar dare ne ki garzaya asibiti, kada ki jira ranar sikanin, domin yana iya buƙatar ƙarin jini.

Batun tsaga kuwa, a lallashi kaka ta haƙura. Tsaga ba ta kaiwa ga saifa, jinin da yake ƙaranci a jikinsa kawai za ta zubar, ta kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.