An Hana Mu Rabon Riba, Shugabanni Sun Karɓi Tukuici: Ko Kotu Za Ta Ƙwato Mini Haƙƙina?

Tambaya: Barista, ina da hannun jari a wani kamfani shekara 14 ke nan, kuma tun da na yi ritaya rabon ribar da ake ba ni duk shekara yake taimaka mini. Bana sai suka aiko da takarda wai saboda halin matsin da ake ciki ba za a raba komai ba. Da na duba rahoton shekara sai na ga manajan darakta da mataimakansa sun karɓi tukuicinsu cif, ga ribar shekarun baya tana nan a ajiye, an kuma sallami ma'aikata. Ina so in shigar da ƙara a biya ni rabona, su kuma su dawo da abin da suka ɗauka.

Amsa: Hajiya, na karanta saƙonki, kuma ɓacin ranki yana da dalili. Sai dai ba ki faɗi ƙasar da aka yi wa kamfanin rajista ba, ban kuma ga kundin dokokinsa ba, ballantana kwantiragin waɗannan shugabanni. Don haka abin da zan faɗa ƙa'ida ce ta gama-gari, tana iya sauyawa idan aka buɗe takardu.

Bari in fara da inda nake ganin an samu rashin fahimta. Kin ce a biya ki rabonki, kamar dai kuɗin yana nan da sunanki aka riƙe. A dokar yawancin ƙasashe ba haka lamarin yake ba. Ribar da kamfani ya ci dukiyar kamfani ce, domin doka tana kallonsa a matsayin mai zaman kansa, daban da masu hannun jarinsa. Hannun jarinki ya ba ki damar jefa ƙuri'a, da ganin rahoton kuɗi, da samun kasonki idan an yanke shawarar rabawa. Kafin a yanke wannan shawara, ba kya bin kamfanin bashin ko sisi. Ko da shekara 14 aka yi ana biyanki ba fashi, sabo bai zama alkawari ba.

Masu yanke shawarar kuwa daraktoci ne. A tsarin Ingila da ƙasashen da suka gaji dokarta, har da dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020, daraktoci ne ke gabatar da adadin da za a raba, babban taron shekara ya amince. Taron na iya rage abin da suka kawo, amma ba shi da ikon ƙarawa. Idan ba su kawo komai ba, babu abin da za a kaɗa wa ƙuri'a. A jihar Delaware ta Amurka, inda ɗimbin manyan kamfanoni suka yi rajista, daraktoci ne kaɗai ke ayyana rabon.

Akwai tambaya ɗaya da amsarta za ta iya juya maganar, kuma ita nake so ki fara bincika: shin an riga an amince da wani rabo a babban taro, daga baya aka fasa biya? Idan haka ne, to a mafi yawan lokuta ya zama bashi, kina iya nemansa kamar kowane bashi. Idan kuwa sanarwa ce kawai ta rabon wucin gadi, wanda daraktoci ke yi a tsakiyar shekara, galibi suna da damar janyewa kafin ranar biya. Abin da ya faru da masu hannun jarin bankin HSBC ke nan a 2020. An sanar da rabo, sai hukumar da ke sa ido kan bankuna a Ingila ta nemi manyan bankuna su dakatar a ƙarshen watan Maris saboda annobar korona, bankin ya soke. Dubban ƙananan masu hannun jari a Hong Kong suka fusata, aka yi ta maganar zuwa kotu, amma wannan rabo bai dawo ba.

Wataƙila wani ya ambata miki shari'ar Dodge da Ford, inda a 1919 kotun ƙolin jihar Michigan ta umurci kamfanin Ford ya raba sama da dala miliyan 19. Gaskiya ne an yi. Amma kamfanin a lokacin yana ninƙaya cikin kuɗi, kuma Henry Ford da bakinsa ya nuna ba amfanin masu hannun jari ne a gabansa ba. Kamfanin da ke cewa kasuwa ta tsaya, yana tattalin abin da ke hannunsa, da wuya alƙali ya tilasta masa. Alƙalai ba sa son maye gurbin daraktoci a shawarar kasuwanci, matuƙar an yi ta da kyakkyawar niyya.

Ribar baya da kika gani a rahoto ma tana buƙatar a yi mata kallon tsanaki. Adadi ne a takarda. Mai yiwuwa an daɗe da sa ta a injina, ko kaya, ko bashin da ake bin wasu. Doka kuma tana hana raba riba idan yin hakan zai sa kamfani ya kasa biyan masu binsa bashi a kan lokaci, kuma daraktan da ya sa hannu a irin wannan rabo ana iya neman kuɗin daga aljihunsa. Kotun ƙolin Birtaniya ta tabbatar a shari'ar Sequana, cikin Oktoban 2022, cewa idan kamfani ya kama hanyar durƙushewa dole daraktoci su sa maslahar masu bin bashi a lissafi. Saboda haka riƙe kuɗi a lokacin matsi, shi kaɗai, ban ga laifinsa ba. Zan ma iya cewa sau da yawa shi ne daidai.

Inda ban gamsu da su ba shi ne batun tukuici. Wanda ya ce wa masu jari su yi haƙuri, ya sallami ma'aikata, sannan ya karɓi nasa bai rage ko kaɗan ba, ya kamata aƙalla ya yi bayani. Takardar da suka aiko miki, yadda kika siffanta ta, ba ta yi wannan ba, kuma ba sai an matsa wa hukumar daraktoci ba kafin ta san cewa mutane za su tambaya.

To amma rashin dacewa daban, saɓa doka daban, kuma a nan sai an rarrabe. Akwai tukuicin da aka rubuta a kwantiragi, an ce idan an cim ma kaza za a biya kaza. Wannan bashi ne a kan kamfani kamar albashi, yana gaba da rabon riba. Kamfanin da ya ƙi biya shi ake kaiwa kotu. A 2008 bankin Dresdner Kleinwort ya yi wa ma'aikatansa alkawarin ware yuro miliyan 400 na tukuici, da rikicin kuɗi ya tsananta aka zaftare kashi 90 cikin 100, ma'aikata fiye da 100 suka kai ƙara a Landan suka yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2013. Haka kamfanin inshora na AIG ya biya kimanin dala miliyan 165 a watan Maris na 2009 bayan gwamnatin Amurka ta cece shi da kuɗin jama'a, yana mai cewa kwantiragi ya ɗaure shi. Waɗanda suka amince su mayar da nasu, matsin lambar jama'a da na hukumomi ne ya sa su.

Akwai kuma tukuicin ganin dama, wanda kwamitin albashi ke yankewa. A nan ne za a iya samun kafa. Wa ya zauna a kwamitin? Wanda ya amfana ya sa baki a shawarar? An sauya ma'aunin ƙwazo a tsakiyar shekara don a samu a biya? Tukuicin na aikin bara ne da aka biya bana, ko na shekarar matsin ne? Sannan idan kamfanin ya karɓi tallafin gwamnati, a duba sharuɗɗan. Dokar tallafin korona ta Amurka ta 2020, alal misali, ta hana kamfanonin da suka karɓi wasu rancen gwamnati raba riba, ta kuma ƙayyade abin da manyan jami'ansu za su karɓa.

Ko da an gano kuskure, ga wata matsalar. Idan an biya tukuici ba bisa ƙa'ida ba, a idon doka kamfani aka cuta, shi ne kuma mai ƙara. Wannan ƙa'ida ta samo asali tun shari'ar Foss da Harbottle a 1843. Mai hannun jari na iya neman izinin kotu ya yi ƙara a madadin kamfani, amma izinin ba ya samuwa cikin sauƙi, kuma idan an yi nasara kuɗin zai koma asusun kamfani ne, ba hannunki ba. Akwai kuma ƙorafin danniya ga masu ƙaramin kaso. Ya fi tasiri a ƙaramin kamfani na mutum uku ko huɗu, inda masu rinjaye su ne daraktoci, suna kwashe riba da sunan albashi suna barin ɗan'uwansu hannu rabbana. Idan kamfaninki irin wannan ne, maganarki ta fi ƙarfi sosai. Idan kuwa babba ne da ke kasuwar hannun jari, ba zan ɓoye miki ba, ina shakkar ƙarar za ta kai ko'ina, kuma kuɗin lauya na iya ninka rabon da kike nema. A ƙasashe da yawa wanda ya faɗi shi ke biyan wani ɓangare na kuɗin shari'ar abokin hamayya.

Shawarata ita ce ki ajiye batun kotu tukuna. Rubuta wa sakataren kamfani, ki nemi kundin dokoki da ƙudurorin babban taron da ya gabata da manufar biyan shugabanni; wannan aikin yau da kullum ne. Ki yi tambayoyin da na jero a rubuce, ba tare da zargin kowa da sata ba, domin kalma ɗaya marar hujja tana iya janyo miki ƙarar ɓata suna. Ki tambaya ko akwai sharaɗin dawo da tukuici a kwantiraginsu, da yanayin da yake aiki, don a wurare da dama sai an gano kuskure a lissafin kuɗi ko rashin ɗa'a kafin a taɓa shi.

Daga nan ki nemi wasu masu hannun jari. Ƙuri'arki ita kaɗai ba ta da nauyi, amma idan kun haɗu kuka kai kason da doka ta gindaya, kuna iya sa a kira taro ko a saka ƙuduri a ajanda. Kuna iya ƙin sake zaɓen shugaban kwamitin albashi. A Birtaniya tun 2013 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari sai sun samu amincewar masu jari kan manufar biyan daraktoci aƙalla sau ɗaya a shekara uku, a Amurka kuma dokar Dodd-Frank ta 2010 ta kawo irin wannan ƙuri'a, kodayake ta shawara ce kawai. Asusun fansho da manyan masu zuba jari sukan saurari irin wannan koke, kuma daraktoci sun fi jin maganarsu.

Abin da za ku nema a zaman sulhu ya zama mai yiwuwa: a jinkirta wani ɓangare na tukuicin har sai an dawo da rabon riba, ko a mayar da shi hannun jari da ba za a sayar ba sai bayan wasu shekaru, a kuma rubuta sharuɗɗan da idan sun cika za a ci gaba da rabawa. Idan sun ƙi amsa wasiƙarki, sai ki kai koke hukumar da ke kula da kamfanoni ko kasuwar hannun jari a ƙasar. Kada ki yi gaggawar sayar da hannun jarin cikin fushi, domin da zarar kin sayar, galibi kin rasa damar yin ƙorafin a matsayin mai hannun jari. In takardun sun zo, ki kai wa lauyan da ya san dokar ƙasar ya fara duba ƙudurin babban taron bara.