Injin Ƙunshe Yaji: Mai Sarbo Zan Saya Ko Mai Hannun Mutum-mutumi?

Wani Alhaji mai ƙaramar masana'antar yaji da garin citta a Sharaɗa, Kano, ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina zuba yaji da garin citta a leda mai giram 50, wajen guda 20,000 a yini, da tsofaffin injina biyu da yara 12 masu jerawa a katan. Wani kamfani a Foshan ta ƙasar Sin ya turo mini farashi uku: injin da aka saba gani, da mai moto sarbo wanda ya kusan ninka shi kuɗi, sai kuma cikakken layi mai hannun mutum-mutumi da ke jera kaya da kansa. Kuɗina za su iya ɗaukar na biyu. Na uku sai na ci bashi. Me za ka ce?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Ka sayi na biyu, wato mai sarbo, moton da ke tsayawa daidai inda aka umarce shi, ka bar na uku tukuna. Amma kafin ka tura ko dala ɗaya, akwai aikin da za ka yi da sikeli a cikin masana'antarka, domin shi zai nuna maka ko ƙarin kuɗin nan zai dawo.

Gobe da safe ka sa a ɗebo maka leda 100 daga bakin inji, ba zaɓe, wasu da safe, wasu bayan azahar. Ka auna su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin sikeli mai lamba, ka sa yaro ya rubuta. Abin da aka fi gani a irin injinanka shi ne wata 49, wata 53, wata 55. Mai kula da inji ya san in ledar ta gaza giram 50 dillalan kasuwar Singa za su yi ƙorafi, kuma nauyin da ka buga a jikin leda alkawari ne, don haka sai ya ɗan ƙara awon don a zauna lafiya. A ce rarar giram 2 ce kacal a kowace leda. A leda 20,000 kilo 40 ke nan a yini. A kwana 26 na aiki ya haura tan guda. Ka buga wannan da kuɗin da kake sayen citta da barkono, musamman tun bayan cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta ɗaga farashi, za ka ga kyautar da kake rabawa duk wata ba tare da ka yi niyya ba. Nan ne sarbo ke biyan kuɗinsa. Masu talla sun fi son su yi maka zancen gudu, leda kaza a minti, alhali kai ba gudu ne ciwonka ba.

Bambancin yana cikin yadda ake tsayar da juyi. A tsohon inji moto ɗaya ne ke ta juyawa, sarƙa da giya da bel suna raba ƙarfinsa, kuloci da birki ne ke kamawa su saki ƙarfen nan mai murɗe kamar sukuru wanda ke turo gari. Birki yana cinyewa, yana zafi, wani lokaci ya tsaya da wuri, wani lokaci ya zarce. Shi kuwa sarbo, a bayansa akwai wata na'ura da ke ƙirga juyinsa, tana kai rahoto ga akwatin da ke sarrafa shi sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. In an ce masa ya yi juyi uku da kwata, a nan zai tsaya, yanzu da anjima da gobe. Kamar mai awo ne da ke kallon bakin mudu a duk zubi, maimakon wanda ke zubawa da ka.

Sai dai kada wani ya ce maka daga ranar matsalar awo ta ƙare. Murɗaɗɗen ƙarfen nan cika yake aunawa, ba nauyi ba. Yajin da aka daka da ƙuliƙuli yana da maiƙo, yana dunƙulewa, kuma nauyinsa da damina daban yake da na hunturu. Garin citta kuwa sako-sako ne, yana shan iska ya kumbura. Saboda haka kowane gari yana son nasa ƙarfen da nasa saitin, da abin motsawa a cikin mazurari don kada ya maƙale, kuma dole wani ya riƙa duba sikeli lokaci-lokaci yana gyarawa a allon inji. Alherin shi ne gyaran ya koma danna lamba, kuma injin yana ajiye saitin kowane kaya, in ka tashi daga giram 50 zuwa 100 ba sai an kwance komai da sifana ana ɓata rabin yini ba.

Wuri na biyu da nake son ka tabbatar akwai sarbo shi ne wajen jan leda. Ka duba gefen nadin ledarka, za ka ga wani baƙin ɗigo yana maimaituwa. Shi idon injin ke karantawa ya san inda zai yanka. Idan ja bai daidaita ba, sai ka ga an yanke sunan kamfaninka biyu, ko lambar NAFDAC ta faɗa cikin liƙi, yara su yi ta farke leda suna maida gari. Ledar da aka buga wa zane mai launi kuɗi ce mai yawa, ka sa a tara maka wadda ta lalace a mako guda ka auna ta ita ma. Ka tambayi mutanen Foshan a fili: moto nawa ne sarbo a cikin injin, kuma me kowanne ke ja? Akwai masu sa guda ɗaya su kira injin gaba ɗaya mai sarbo.

Game da mutum-mutumin, ba wai ba ya aiki ba ne. Irin mai ƙafa uku siririya da ke tsintar kaya daga kan bel, wani injiniya Reymond Clavel ne ya ƙirƙiro shi a Lausanne ta ƙasar Suwizalan a shekarun 1980, don jera cakulan a kwali, kuma yau kamfanoni irin su ABB da Fanuc suna sayar da su ga manyan masana'antun abinci. An yi shi ne don ƙasashen da albashin ma'aikaci ɗaya yake da tsada ƙwarai, da layukan da ke gudu dare da rana. A nan mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Ka haɗa albashin yaranka 12 na shekara, ka ajiye shi kusa da kuɗin wancan layi da ribar da banki zai ɗora, lissafin da kansa zai ba ka amsa. Ga shi kuma hannun yana son kaya su iso masa a miƙe, katan ɗaya girma ɗaya, tauri ɗaya, abin da masu yi mana katan ba kullum suke cikawa ba. Ranar da ya tsaya, layin gaba ɗaya ya tsaya. Yaran nan kuwa suna ganin ledar da ta fashe su ware ta, kuma gidaje 12 ne ke cin abinci daga hannunka, wannan ma ina sa shi a ma'auni.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan injina a Arewa shi ne wuta da ƙura. Tsohon moto yana jure wutar da ke hawa da sauka, akwatin sarbo ba ya jurewa. Sauyi ɗaya mara kyau daga KEDCO zuwa janareta ya isa ya ƙona shi. Ka sa kuɗin sitabilaiza mai kyau, da na'urar kare tartsatsin wuta, da wayar ƙasa ta gaske wadda aka binne aka gwada, a cikin kuɗin injin tun farko. Akwatin lantarkin ya zama rufaffe mai matatar iska, domin garin citta da ƙurar hunturu in suka kwanta a kan allon cikinsa zafi ne ke biyo baya. Idan haƙoran da ke liƙe leda da iska suke aiki, kana buƙatar kwamfuresa da abin busar da iskar, sau da yawa ba a sa su a takardar farashi.

Sannan sunan moton da ƙwaƙwalwar injin, wato PLC. Ka ce su rubuta maka a takarda: Delta ne, ko Inovance, ko Panasonic, Mitsubishi, Yaskawa, Siemens. Daga nan ka nemi injiniyan da zai riƙa duba maka shi, ka tambaye shi wanne ya sani, wanne ake samun kayansa a Legas ko Kano. Abin da hannunsa ya saba da shi shi za ka ce a sa maka, ko da ya ɗan ƙara kuɗi. Ka nemi kwafin manhajar injin da lambar sirrinta da zanen wayoyinsa da Turanci. Na ga injin da ya zauna watanni a lulluɓe da tampol saboda an kulle manhajar, wanda ya sayar kuma ya daina amsa saƙo. A cikin kwantenar a zubo maka akwatin sarbo guda na ajiya, da hita, da wuƙaƙen yanka, da idon karanta ɗigo, da bel.

Wajen biya, abin da aka saba shi ne ka ba da kaso 30 cikin 100, sauran kafin a loda. Kada ka cika sai ka aika musu da yajinka da garin cittarka da nadin ledarka, sun gwada a kan injin naka, sun turo bidiyo ana auna leda a jere a kan sikeli, ko wani naka da ke Guangzhou ya je ya tsaya a kai. Gwajin da aka yi da garin madara ba ya gaya maka komai a kan yaji. Farashin da suka ba ka kuma ba shi ne ƙarshe ba: akwai jirgi, da takardar shigo da kaya ta Form M, da kwastan, da ejan, da motar da za ta kawo shi Kano, da wanda zai kafa. Duk ka lissafa da dala, ka bar rara, domin ka ga yadda naira ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a kan dala cikin watanni bayan Yunin 2023.

Idan bayan duk wannan kuɗin sun gaza, ka duba Bankin Masana'antu, ko murabaha a bankin Jaiz ko TAJ inda su za su sayi injin su sayar maka ka biya a hankali. Amma jarin da kake sayen citta da barkono da kaka, kada ka taɓa shi. Tsofaffin injinan nan biyu ma ka riƙe guda ɗaya a gyare na aƙalla shekara, ka tura yaranka biyu masu kaifin kai su tsaya tare da mai kafa sabon tun daga ranar da aka buɗe kwantena.